Zauren Anti: Sarakunan Ingila Na Da Sun Shigo Mana Legas

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wancan watan na yi suɓutar baki a shafin nan na ce na wuce tashata a BRT, na hau daga Oshodi da niyyar sauka Iyana Ipaja sai ganina nai a Abule Egba, duk saboda wani ƙagaggen labari akan sarakunan Ingila na zamanin doki da takobi da na duƙufa a kai. To tun daga ranar wayata bata huta ba. Ashe muna da yawa a garin nan, kowa ya laɓe yana karatunsa a ɓoye kamar mai shan ruwa da azumi. Na tsinto kaɗan daga cikin saƙonnin, waɗanda basu ga nasu ba su yi haƙuri, shafin ne ba yawa.

*Anti barka da aiki. Ni matsalata sunaye ne wallahi, ƙanwar mijina ta aro min wani littafi mai kauri kamar bulo akan yaƙin gidan Yok da gidan Lankasta, na fara da zumuɗina amma kafin inkai shafi na sittin kaina ya ɗau zafi, wannan Henri wancan Henri, ga Edwad ga wani Edwad, kuma mutum ɗaya yau a ce masa Ricad gobe a ce masa Gulosta, yanzu haka littafin na ƙarƙashin fanka na tokare ta dashi. Ke ya kike yi ne?*
Maman 'yan biyu, Agege

Maman 'yan biyu don Allah ciro littafin mutane daga ƙarƙashin fanka, na aro ne fa. Abin da ya rikita ki abu ne da kika sani tun kina yarinya, riga kawai ya sake. A wajenmu wa yake kiran hakimi da sunan yanka? Sai dai kiji Galadima ya iso, Madaki ya ce, Ciroma ya yi fushi, in Galadiman ya rasu aka naɗa wani shi ma Galadima za a ci gaba da ce masa. To su ma haka suke, Gulosta da Warik da Yok duk sunan ƙasar da aka ba mutum ne ya riƙe, da shi ake kiransa. Shi wanda ake ce wa Gulosta sunansa Ricad, shi ne ya zama Sarki Ricad na uku daga baya, babansa da ake ce wa Yok shi ma Ricad, Warik ɗin nan mai naɗa sarki ya sauke shi ma Ricad ne, kin ga kenan in marubucin ya bi sunan yanka ai sai ki fi haka shan wahala. Maimaita suna kuwa mu ne za mu yi musu dariya? Gidanmu Abubakar huɗu ne, da Abba da Sadik da Habu da Garba, kuma ba wanda ya taɓa ɓata.

Abin da nake yi shi ne in samu bayan tsohuwar kalanda in rubuta suna ɗaya a can sama, Edwad na uku, wanda ya yi shekara 50 akan mulki daga 1327 zuwa 1377. Duk masu yanka junan nan zuriyarsa ne. Babban ɗansa ya riga shi mutuwa da shekara ɗaya, sai sarauta ta faɗa kan jikansa Ricad na biyu yana ɗan shekara 10. A 1399 ɗan baffansa Henri, na gidan Lankasta, ya tuɓe shi ya hau, daga nan ɓaraka ta samu, don tunda aka ga ana iya tuɓe sarki a zauna lafiya ai kowa mai jinin gidan sai ya fara lissafi da yatsu. Henri na huɗu, na biyar, na shida, a jere suke uba da ɗa da jika. Na shidan yana jariri ɗan wata 9 ya gaji sarauta a 1422, ya girma mutum mai sanyi da yawan ibada, a 1453 kuma wata lalura ta kama shi ya fi shekara baya gane kowa, har ɗa aka haifa masa aka kawo gabansa bai nuna ya san meye ba. Aka ba Yok riƙon ƙwarya, matar sarki Magret, Bafaranshiya ce mai zuciya, ta ce ba a isa a ture ɗanta ba, a 1455 aka fara zubar da jini a St Albans, ba a gama ba sai bayan shekara 30.

In har yanzu bai zauna miki ba ki tuna basasar Kano. Sarki Bello ya rasu a 1893 aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ce basu yarda ba suka fice Takai bayan Yusufu, alhali da Tukurawan da Yusufawan duk jikokin Ibrahim Dabo ne. Yusufu bai shiga Kano a matsayin sarki ba, ajali ya riga shi, ƙaninsa Alu ne ya shiga. To shi ma Yok haka, ya ja yaƙin amma an kashe shi a Wakefield a Disambar 1460, suka sare kansa suka kafa a ƙofar birnin Yok da kambin takarda don izgili, wata biyu da 'yan kwanaki bayan nan ɗansa Edwad ya zama sarki, shi ne Edwad na huɗu. Ni dai da na ɗora Dabo a gurbin Edwad na uku sai komai ya warware min. Ki koma shafi na ɗaya da kalandarki a gefe.

*Hajiya ina yini. Ni ɗan kasuwa ne ina harkar albasa, karatu da ido bani da lokacinsa amma yarona ya saka min irin littafin da ake karantowa a waya, in muna jiran mota daga Aliero cikin dare sai in toshe kunne ina ji. Na ji guda biyu akan Ricad na uku, na farko ya maida shi shaiɗan mai ƙusumbi da ya kashe 'ya'yan yayansa, na biyu kuma ya maida shi waliyyi har na ji tausayinsa. To wanne ne mai gaskiya? Ni bana son a raina min hankali.*
Wani mai albasa, Mile 12

Alhaji barka da kasuwa, Allah ya kawo motar lafiya. Bari in zube maka abin da aka tabbatar, sai ka auna da mudunka.

Sarki Edwad na huɗu ya mutu a Afrilun 1483 yana da shekara 40, ya bar 'ya'ya maza biyu, babban shekararsa 12 ƙaramin 9. Baffansu Ricad aka ba riƙo. Aka kai yaran Hasumiyar Landan, wanda a lokacin ba abin tsoro bane don fada ce kuma nan sabon sarki yake zama kafin naɗi. Ana cikin shirin naɗin sai ga magana ta ɓullo a watan Yuni wai ai marigayin ya riga ya ƙulla alkawarin aure da wata mata kafin ya auri uwar yaran, saboda haka auren bai ɗauru ba, yaran basu da gado. Ranar 6 ga Yuli aka naɗa baffa. An ga yaran suna wasa a harabar gidan, sannan aka koma hango su jefi-jefi ta taga, bayan wannan bazarar kuma ba wanda ya sake sa su a ido. A 1674 ma'aikata suna rushe wani matattakala a gidan suka tono ƙasusuwan yara biyu, aka zuba a tukunyar dutse aka ajiye a cocin Westminster, an buɗe an duba a 1933, amma gwajin jini irin na zamani har yau ba a bari an yi ba. Iyakar abin da ke hannu kenan, babu gawa da aka nuna, babu shari'a, babu wanda ya tsaya a lokacin ya ce a gabana aka yi.

In ra'ayina kake so, ni baffan nake tuhuma. A hannunsa suke, mabuɗin gidan na wajen mutanensa, tun yana raye ake ta raɗe-raɗin ya kashe su har maganar ta kai Faransa, da suna nan ai fito da su zai yi ranar kasuwa kowa ya gani bakin mutane ya mutu, bai yi ba. Kuma ka duba al'adar gidan, Edwad na biyu an tuɓe shi a 1327 ya mutu a tsare a shekarar, Ricad na biyu an tuɓe shi ya mutu a tsare a 1400, Henri na shida ya mutu a wannan Hasumiyar a 1471 daidai lokacin da abokin gabarsa ya dawo Landan da nasara. Tuɓaɓɓen sarki a gidan nan baya tsufa.

Amma shi ma littafinka na farko yana da nasa ƙarin gishirin. Wanda rundunarsa ta kashe Ricad a fagen Bosworth ranar 22 ga Agustan 1485, wato Henri Tudor, shi ya hau mulki, gidansa ya yi sama da shekara 100 akai, marubutan zamaninsu kuwa sun san inda tuwonsu yake, suka yi ta ƙara masa muni, ƙusumbi, shanyayyen hannu, har wai da haƙora aka haife shi. Sai a 2012 masu bincike suka haƙa wani filin ajiye motoci a garin Lesta, inda a da akwai gidan ibada, suka ci karo da ƙwarangwal, jami'ar garin ta yi gwaji da zuriyar yayarsa ta tabbatar a 2013 cewa shi ne. Ƙashin bayansa a karkace yake gefe, abin da zai sa kafaɗar dama ta ɗan fi ta hagu tsawo, amma hannayensa lafiya lau. Sara 11 aka ƙirga a jikinsa, 9 a kai, alamar kwalkwalinsa ya fita aka taru masa. Shekararsa 32. Kaga masoyansa da suka ce karkacewar ma sharrin maƙiya ce sun ji kunya, maƙiyan ma sun ji tasu. Aka sake binne shi a babban cocin Lesta a Maris ɗin 2015, a lokacin ƙungiyar ƙwallon garin tana can ƙasan tebur, sai gata ta tsira, shekara ta zagayo ta ɗauki Firimiya a 2016, mutanen garin suka yi ta barkwanci wai sarki ne ya ji daɗin sabon makwanci. Ƙungiyar da Ahmed Musa ya je daga baya, na san wannan kam ka sani.

Raina hankali kuwa Alhaji, ba wanda ya raina maka. Tarihi turke yake kafawa, marubuci ya kawo akuyarsa ya ɗaure. Shekaru da yaƙe-yaƙe da wa ya auri wa, marubucin kirki baya taɓa su, amma abin da Ricad ya faɗa wa matarsa da daddare, ko abin da ya ji a ransa ranar da ya karɓi yaran, ba magatakardan da ke ƙarƙashin gado yana rubutawa, wannan duk na marubucin ne kuma shi ka saya da kuɗinka. Daɗin abin a wajena ma shi ne in ji biyun, in ga yadda kowa zai bi ta tsakanin turakun nan ba tare da ya tuge ko ɗaya ba. Wanda ya tuge turke, misali ya raya wanda ya mutu ko ya sauya wanda ya ci yaƙi bai faɗa maka ba, shi ne ya cuce ka. Yawancinsu suna sa ɗan bayani a ƙarshen littafi su ce ga inda na ƙara ga inda na rage, kar ka cire abin kunnen sai ka ji wannan.

Af, ka sa yaron ya nemo maka labarin Lambert Simnel. Yaro ne ɗan shekara 10 da wasu suka ɗauko suka ce ɗan gidan Yok ne, har naɗi suka yi masa a Dublin a 1487, da aka ci su da yaƙi Henri bai kashe shi ba, sai ya tura shi kicin ɗin fada yana juya nama a bakin wuta. Daga sarki zuwa yaron mai tsire. Wannan ba marubuci ne ya ƙaga ba.

*Anti yayana ya ganni da irin littafin nan ya hau faɗa, wai ina ɓata lokaci akan tarihin waɗanda suka yi mana mulkin mallaka, kuma wai wannan Ricad mai zuciyar zaki da littafin yake yabo Musulmi ya yanka. Jikina ya yi sanyi, in daina ne?*
Ɗalibar koyon jinya, Idi-Araba

Ƙanwata, maganar yayanki biyu ce, ɗaya ya yi gaskiya ɗaya ya yi gaggawa. Ta mulkin mallaka, waɗannan sarakunan sun mutu sun zama ƙasa shekara 400 da ɗoriya kafin Lugga ya iso Kano a 1903. Hasali ma su kansu Ingilishin a lokacin a ƙarƙashin baƙi suke, a 1066 Wiliyam ya tsallako daga Nomandi ta ƙasar Faransa ya ci su da yaƙi ya raba gonakinsu ga yaransa, aka yi kusan shekara 300 Faransanci ake yi a fada, Turancin nan da muke shan bulala akansa a makaranta yaren talakawa da manoma ne.

Ta Ricad na ɗaya kuwa, wato mai zuciyar zakin, yayanki bai yi ƙarya ba. Shekara 10 ya yi yana sarki, 1189 zuwa 1199, a ciki abin da ya zauna a Ingila bai fi wata 6 ba, ƙasar saniyar tatsa ce kawai a wajensa don ya samu kuɗin yaƙi. A Agustan 1191 bayan ya karɓi birnin Akka a yankin Sham, da maganar fansa ta ja tsakaninsa da Salahuddin Ayyubi, ya sa aka fito da fursunoni Musulmi wajen 2,700 aka yanka su a fili inda rundunar Musulmi ke hangowa. Ƙudus ɗin da ya fito dominta bai samu ba, a 1192 ya yi sulhu ya juya, a hanya aka cafke shi kusa da Biyana ta ƙasar Ostiriya aka tsare shi a Jamus, aka yanka masa kuɗin fansa mak 150,000 na azurfa (mak ma'aunin nauyin azurfa ne), sai da aka tatse talakawan Ingila har kwanukan coci aka kwashe. Amma yau ga gunkinsa akan doki ya ɗaga takobi a gaban majalisar dokokinsu. In littafin da ke hannunki ya tsallake Akka ko ya shafa mata mai, to kin gane irin marubucin da kike tare da shi, ki karanta da ido ɗaya a buɗe. Akwai ma waɗanda basa ɓoyewa, sun fi daɗi, don mutum mai jarumta da mugunta a jiki ɗaya ya fi jan labari akan wanda aka wanke tas.

Ni ban ce ki daina ba. Ki haɗa da jin ɗaya ɓangaren, Bahauddin ibn Shaddad alƙalin rundunar Salahuddin ne, yana wajen aka yi, ya rubuta tarihin maigidansa kuma an fassara shi zuwa Turanci. Ki karanta ki ba yayan naki shi ma. Sai dai in jarrabawa ta matso ki ajiye, Ricad bazai zo ya rubuta miki ba.

*Anti ni tela ce, ina son karatu amma na gaji da labarin da mace bata da aiki sai kuka da jiran miji ya dawo. A cikin na sarakunan nan akwai matan da suka taka rawa ko duk ado ne?*
Mai ɗinki, Obalende

'Yar uwa ai nan kika zo gidan. Ki nemi duk littafin da aka yi akan Matilda. A 1120 jirgin ruwa ya nutse da ɗan Sarki Henri na ɗaya, namiji tilo na aure, sai sarkin ya tara hakimai ya sa suka rantse za su bi 'yarsa. Yana mutuwa a 1135 ɗan gwaggonta Sitifin, abokin wasanta fa in a wajenmu ne, ya yi wuf ya haye gadon, masu rantsuwa suka bi shi. Bata zauna kuka ba, ta tara runduna aka yi ta gwabzawa shekara da shekaru. A hunturun 1142 ya ritsa ta a ganuwar Oxford abinci ya ƙare, ta sa fararen kaya cikin dare ta sulale ta cikin dusar ƙanƙara ta tsallake kogin da ya daskare da ƙafa, masu gadi basu ganta ba. Ita bata sa kambin ba, amma ɗanta ya sa a 1154, shi ne Henri na biyu.

Surukarta Eleanor ta Akwiten kuma sai a hankali. Ta auri sarkin Faransa, ta bi shi har yaƙin Sham, a 1152 aka raba auren, sati 8 kacal ta auri wannan Henrin da ta girme shi da wajen shekara 10, ta haifa masa 'ya'ya 8. Da zama ya yi tsami ta haɗa kai da 'ya'yanta maza suka yi wa uban tawaye a 1173, ya kulle ta shekara 16, yana mutuwa ta fito ta kama ragamar ƙasa. Kuɗin fansar Ricad da na faɗa a sama ita ta tara, ita ta kai Jamus da kanta tana da wajen shekara 70. Ta mutu a 1204 ta ga 'ya'yanta biyu akan mulki.

Wadda take taɓa min zuciya dai Magret Beaufort ce. An aurar da ita tana 12, mijin ya mutu ya barta da ciki, ta haihu a 1457 tana 13, haihuwar ta kusa kashe ta kuma bata sake haihuwa ba har abada. Duk wadda ta taɓa zama a ɗakin haihuwa a garuruwanmu ta san wannan labarin ba sai an fassara mata ba. Wannan ɗan tilo ya yi shekara 14 yana gudun hijira, tana nan cikin maƙiya tana murmushi tana aika saƙo a ɓoye, shi ne Henri Tudor da ya ci Bosworth.

Gargaɗi ɗaya, wasu marubutan suna cusa zancen ɗaki ba kunya ba tsoron Allah, kar ki bar shi akan keken ɗinki inda yaran shago za su ɗauka.

*Sababbin tsada gare su Anti, ina kike samun naki?*
Malamin firamare, Ijora

Malam gwanjo nake bi. Masu shimfiɗa littattafai a ƙasa wajen Ojuelegba da Yaba, in na shiga cikin gari kuma in duba wajen CMS. Ka yi ciniki sosai, masu kaurin nan basu cika samun mai saye ba, mai kayan ma so yake ya rabu da nauyi. Amma ka buɗe bayan littafin kafin ka biya. Na taɓa sayen wani a hannun wani bawan Allah, na yi sati biyu ina bin sa, an jera dawakai za a gwabza a Bosworth sai na juya shafi na ga bango, shafukan ƙarshe duk sun zube, ranar ko abincin dare ban iya ci ba duk da na san wanda zai mutu. Sannan ka ɗan leƙa tsakiya, in ka ga an kawo wa sarkin 1300 dankali ko tumatir, ko sarauniya na shan shayi, ajiye masa kayansa, dankali da tumatir daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492, shayi ma sai wajen 1650 ya shiga Ingila. Wanda bai binciki tukunya ba bai binciki fada ba.

*Anti ina rubuce-rubuce a waya ina turawa a guruf, yanzu ina son in rubuta labarin sarakunan Ingila da Hausa tunda naga mutane na so. Shawara nake nema.*
Wani matashi, Alaba Rago

Ɗana Allah ya yi albarka, amma tsaya in tambaye ka, ka taɓa ganin dusar ƙanƙara? Ni ma a talabijin na ganta. Mutanen can sun yi shekaru aru-aru suna tatsar sarakunansu, Ricad na uku kaɗai shekara 2 ya yi akan mulki amma littattafan da aka yi akansa sai a cika shago, me za ka ƙara musu daga Alaba Rago? Ka karanta nasu ka saci sana'ar, yadda suke buɗe babi da ɗan aike ya iso a jiƙe cikin dare, yadda suke ba da labarin sarki ta bakin mai wankinsa ko mai riƙe masa doki, sannan ka juyo gida.

Garin nan da kake zaune ma akwai baffa da ɗa. A 1845 Kosoko ya kori baffansa Akitoye daga sarautar Ikko, baffan ya ƙare a Badagry ya nemi taimakon Turawa, a Disambar 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta suka maida baffan kan gado, Kosoko ya koma Epe da jama'arsa, shekara 10 bayan nan ɗan Akitoye, Dosunmu, ya sa hannu aka miƙa Legas. Fadar tana nan a Isale Eko, kuɗin danfo ne tsakaninka da ita. Ka saka wani Bahaushe a tsakiyar rikicin, bawa ko fatake, ya ba mu labarin da bakinsa, wa ya hana ka?

In kuma arewa zuciyarka take, ranar da aka kashe Ricad a Bosworth Muhammadu Rumfa yana shekara ta 22 akan gadon Kano, ya hau a 1463 ya kai 1499. Gidan Rumfa, kasuwar Kurmi, Tara ta Kano, zuwan Shehu Magili da nasihar da ya rubuta masa akan mulki, ga Madaki Auwa da ta yi ƙarfi a fada zamanin ɗanta Abdullahi har zuwa jikanta Kisoki, turaku ne a kafe suna jiran akuya. Basasar Tukur da Yusufu kuwa ka taka a hankali, jikokin ɓangarorin biyu suna nan da ransu kuma suna karatu a waya.

Ka rubuta babi ɗaya ka turo min ta adireshin mujalla. In Rumfa ka ɗauka, kar in ga an kai masa tuwon masara ko ƙuli-ƙuli ko miya mai attaruhu, duk bayan zamaninsa suka iso ƙasar nan, ka ba shi tuwon dawa da miyar kuka da daddawa, fura ta biyo baya.